Malam Abdullahi ɗan Fodiyo (1766-1829): Masanin Shari'a a Majalisar Daula

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu kuma wazirinsa, ta fuskar matsayinsa na masanin shari'a da ya tsinci kansa a tsakiyar sha'anin mulki. An waiwayi tasowarsa da karatunsa, da shekarun wa'azi a ƙasar Zamfara, da rawar da ya taka a yaƙe-yaƙen farko na jihadi. Daga nan aka tsaya a kan gaɓoɓi uku da suka fito da halinsa fili: barinsa runduna zuwa Kano, da saɓanin fahimtarsa da Shehu a kan tsarin mulki, da yadda ya karɓi rashin gadon sarautar Musulmi. Maƙalar ta gano cewa a dukkan gaɓoɓin uku ra'ayi ɗaya ya riƙe, wato mulki amana ce da shari'a ke yi wa linzami, kuma ya ɗora wa kansa wannan hukunci kamar yadda ya ɗora wa wasu.

Fitilun Kalmomi: Abdullahi ɗan Fodiyo, shari'a, shawara, Zamfara, Gwandu, Daular Sakkwato

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci jagororin jihadin ƙarni na 19 a ƙasar Hausa, sunaye uku ne kan zo a jere: Shehu Usmanu, da ƙanensa Abdullahi, da ɗansa Muhammadu Bello. An fi sanin Shehu da wa'azi da tarbiyya, an fi sanin Bello da gina daula da tafiyar da ita. Shi kuwa Abdullahi, wanda ake wa laƙabi da Mai Gwandu ko Mai Boɗinga, fagensa shi ne fiƙihu da harshen Larabci. Bai kasance malamin zaure kaɗai ba. Ya riƙe tuta a fagen fama, ya zauna a majalisar shawara, ya kuma shugabanci rabin daula. Saboda haka abin da ya rubuta game da mulki ya fito ne daga alƙalamin wanda ya ɗanɗani mulkin, ya kuma ga yadda yake sauya zukatan mutane.

2.0 Asali da Karatu

An haifi Abdullahi a ƙasar Gobir wajen shekarar 1766, cikin zuriyar Toronkawa waɗanda aka san su da malanta tun kaka da kakanni. Mahaifinsa shi ne Malam Muhammadu Fodiyo, mahaifiyarsa kuwa Hauwa'u. Shehu Usmanu, wanda aka haifa a Maratta cikin 1754, ya girme shi da kimanin shekara goma sha biyu. A hannun mahaifinsa ya sauke Alƙur'ani, sa'annan yana da kimanin shekara goma sha uku aka damƙa shi ga yayansa, wanda ya zame masa malami kuma uba.

Abdullahi ya sauƙaƙa wa masu nazarin tarihinsa aiki, domin ya bar littafi mai suna Ida'un Nusuki, inda ya jero malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta. Daga cikinsu akwai Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda shi ma malamin Shehu ne, da Alhaji Muhammadu ɗan Raji, wanda suka saurari Sahihul Buhari a wurinsa. Jerin ya nuna zurfin manhajar makarantun zaure ta wancan zamani: nahawu da sarfu da balaga da aruli, sai fiƙihun Malikiyya da usulu da tafsiri da hadisi. Mutumin da bai taɓa taka Masar ko Hijaz ba ya fito daga wannan makaranta yana tsara waƙar Larabci a kan salon mawaƙan farko, yana kuma warware mas'alolin fiƙihu masu sarƙaƙiya.

3.0 Shekarun Zamfara

Lokacin da Abdullahi ya fara tasawa, Zamfara tana ƙarƙashin Gobir. Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara a shekarun 1760, aka kafa sabuwar hedikwata a Alƙalawa. Ruwayar baka ta nuna cewa sunan ya samo asali ne daga gonakin alƙalin Zamfara da aka gina birnin a kansu. Zamfarawa sun kasance cikin ɗacin rasa mulkinsu da nauyin haraji, don haka kunnuwansu a buɗe suke ga duk mai magana a kan adalci.

Cikin wannan yanayi ne Shehu da ƙanensa suka shiga Zamfara wajen 1786, suka shafe kimanin shekara biyar suna wa'azi. A wannan tafiya ce aka fara ganin Abdullahi a matsayin mai kare hujjar jama'ar Shehu. Wani malami mai suna Mustafa Gwani ya aiko da waƙa yana sukar yadda mata ke halartar wa'azi tare da maza. Shehu ya umarci ƙanensa, wanda bai wuce shekara ashirin da kaɗan ba, da ya mayar da martani. Abdullahi bai musa cewa cuɗanya abin ƙi ba ce. Ya nuna cewa ana keɓe matan, sa'annan ya kafa hujja da ƙa'idar fiƙihu ta ɗaukar mafi sauƙin cuta biyu, domin barin mata cikin jahilcin abin da ya wajaba a kansu ya fi muni. Tun daga nan salonsa ya bayyana: yakan karɓi abin da ke daidai a maganar abokin jayayya, sa'annan ya auna sauran da ma'aunin ƙa'ida.

Yana kuma cikin waɗanda suka halarci taron Magami a Babbar Salla ta wajen 1788, inda Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai ya yi musu kyauta. Shehu ya ƙi karɓar dukiya, ya nemi a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama masu rawani, a saki fursunoni, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Matashin ya ga da idonsa yadda malami ke tsayawa gaban sarki ya nemi haƙƙin jama'a a madadin rabonsa.

4.0 Hijira da Fagen Fama

Dangantaka da fadar Gobir ta yi tsami a zamanin Nafata, wanda ya taƙaita wa'azi ya hana rawani da lulluɓi, ta kuma ƙara lalacewa a zamanin Yunfa. A watan Fabrairun 1804 jama'a suka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu. Da aka yanke shawarar naɗa shugaba, Abdullahi ne ya fara yi wa Shehu mubaya'a, Bello ya biyo baya. A watan Yunin shekarar ya jagoranci rundunar da ta karya mayaƙan Yunfa a Tafkin Kwatto, duk da ƙarancin dawakinta.

Nasarar ba ta ɗore ba tare da tsada ba. A Tsuntsuwa, ƙarshen 1804, jama'a ta rasa mutane kimanin dubu biyu, ciki har da mahaddata Alƙur'ani da ake ƙiyasta su kai ɗari biyu. Yunwa ta tilasta musu komawa Sabon Gari a ƙasar Zamfara, kuma daga nan ne Abdullahi ya jagoranci yaƙin da ya ci Birnin Kebbi a 1805, abin da ya buɗe hanyar zama a Gwandu. Kafin shekarar ta ƙare aka sake yin mummunar asara a Alwasa. A arewacin Zamfara kuwa, Muhammadu Namoda na Alibawa, wanda Ƙauran Namoda ta samu suna daga gare shi, ya karya ƙawancen Gobirawa da Azbinawa a kusa da Zurmi cikin 1806, ya rage wa jama'ar Shehu matsin da ke zuwa daga wannan kusurwa.

Abin da ya fi damun Abdullahi shi ne irin mutanen da aka rasa. Waɗanda suka faɗi a Tsuntsuwa da Alwasa su ne ɗaliban da aka yi shekara da shekaru ana tarbiyyarsu a Ɗegel. Waɗanda suka cike gurbinsu da yawansu ganima ce ta kawo su. A kan hanyar Alwasa ma runduna ta washe wani gari da ke cikin amana, shugabanni suka yi iya ƙoƙarinsu su hana, abin ya faskara.

5.0 Tafiyar Kano da Diya'ul Hukkami

Wajen 1807, runduna na kan hanyar zuwa Alƙalawa, Abdullahi ya sulale da 'yan tsirarun abokai ya nufi gabas, da niyyar zuwa Makka da Madina. Shi da kansa ya bayyana dalilinsa a Tazyinul Waraƙati, littafin da ya kammala a 1813. Ya ce abokan kirki sun ƙare, an bar shi cikin masu faɗin abin da ba su aikatawa, waɗanda burinsu ya koma ga mallakar garuruwa da tara ƙwaraƙwarai da tufafin ado da dawakin kilisa, ga cin rashawa da handame ganima. Wannan shaida ce mai nauyi, domin ta fito ne daga bakin wazirin tafiyar, tun kafin a ci babban birnin abokan gaba.

Da ya isa Kano, zamanin Sarki Sulaimanu, sai mutanen birnin suka riƙe shi, suka roƙi ya koya musu yadda za su tafiyar da sabon mulkinsu. Ya lura cewa abin da ya guda a yamma shi ya tarar a gabas. Maimakon ya wuce, ya zauna ya karantar da tafsirin Alƙur'ani, ya kuma rubuta musu Diya'ul Hukkami, wanda almajirai kan kira Liya'ul Hukkami. Ya ba da labarin cewa mutanen sun karɓi gyara, har suka mayar da gangunansu komin dawaki.

Littafin jagora ne ga masu riƙe da madafun iko. Ya yi bayanin hukuncin hijira, da wajabcin naɗa shugaba da sharuɗɗansa, da muƙaman mataimakansa, da ƙa'idojin jihadi, da siyasar shari'a. Ya jingina da magabata irin su Shehu Magili, wanda ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha a ƙarshen ƙarni na 15, don haka Kanawa ba baƙin irin wannan rubutu ba ne. Abubuwa kaɗan sun fi fitowa fili a tunaninsa. Shugaba wakili ne a kan amanar jama'a, dukiyar baitulmali ba tasa ba ce. Shawara da malamai da ma'abota hankali wajibi ce a kansa. Ba a ba da alƙalanci ko wani muƙami saboda dangantaka ko kyauta, sai don cancanta. Kyautar da ake kai wa mai mulki saboda mulkinsa ba halalinsa ba ce. Wajibi ne kuma shugaba ya riƙa bincikar ma'aikatansa, ya bar ƙofarsa a buɗe ga mai ƙara, musamman raunana.

Bayan haka ya fasa tafiyar gabas ya komo gida. Alƙalawa ta faɗi a watan Oktoban 1808, aka kashe Yunfa. Abdullahi ya ci gaba da jagorantar yaƙe-yaƙe a yamma, har ƙetaren Kwara. Komowar tasa ta nuna matsayar da ya tsaya a kai: mai gyara ya zauna cikin jama'a da alƙalaminsa, ko da zaman ya yi masa ɗaci.

6.0 Saɓanin Fahimta da Shehu

Bayan faɗuwar Alƙalawa tambayoyi sabbi suka taso. Wane laƙabi ya dace da shugabanni? Ina hukuncin kaɗe-kaɗen fada da tufafin alfarma? Yaya za a yi da dukiyoyin da suka sauya hannu a lokacin hargitsi? Shehu, a littattafansa na wannan zamani irin su Misbahu li Ahli Hazaz Zamani na 1808 da Najmul Ikhwani na 1812, ya karkata ga sassauci a inda malamai suka yi saɓani, don gudun tsananta wa jama'a da raba kanta. Abdullahi kuwa, a Diya'u Ulil Amri da Diya'us Sulɗani, ya riƙe mashahurin zance na mazhabar Malikiyya. Ya ƙyamaci laƙabin da ke ɗauke da ma'anar mulukiyya, ya kuma yi gargaɗi a kan mayar da shugabanci gadon gida, daga uba zuwa ɗa, ba tare da duba cancanta ba.

Kowannensu yana da abin da yake tsoro. Shehu yana tsoron tsanani ya wargaza jama'ar da ba ta gama kafuwa ba. Abdullahi yana tsoron rangwame ya zama ƙofar da tsohuwar sarauta za ta komo da sabon rawani. Abin lura shi ne yadda aka gudanar da saɓanin. A rubuce aka yi shi, hujja na bin hujja, ƙane yana ambaton yayansa da girmamawar ɗalibi ga malaminsa. Bai kuma hana Shehu damƙa masa amana ba. A 1812, yana zaune a Sifawa, Shehu ya raba kula da daula gida biyu: gabas ga Bello, yamma ga Abdullahi, wanda ya zauna a Boɗinga.

A Boɗinga ne alƙalaminsa ya fi gudu. A 1816 ya kammala babban tafsirinsa, Diya'ut Ta'awili, wanda aka buga a Alƙahira cikin mujalladi huɗu a 1961. Daga baya ya taƙaita shi ga masu ƙaramin ƙarfi a Kifayatu Du'afa'is Sudani. Ya tsara nahawu a waƙe cikin Albahrul Muhiɗu, sarfu kuma cikin Alhisnur Rasinu. Akwai kuma Ta'alimur Radi, ƙaramin littafi a kan hukuncin ƙasa, inda ya bayyana hanyoyin da mutum ke samun haƙƙi a kan fili maras mai shi: ta hanyar raya shi, ko kasancewarsa hurumin gari ko rijiya, ko yankan shugaba, ko keɓe shi don kiwo saboda maslahar jama'a. Mazauna Shinkafi da Zurmi da Ƙauran Namoda, inda gona da burtali da mashaya suka daɗe suna haddasa rikici tsakanin manomi da makiyayi, za su tarar cewa malamin ya tattauna tushen matsalarsu tun shekara ɗari biyu da suka wuce.

7.0 Gadon Mulki da Kalambaina

Shehu ya rasu a Sakkwato ranar 20 ga Afrilun 1817. Abdullahi shi ne babba a shekaru da ilimi, shi ne kuma waziri. Amma kafin ya iso daga Boɗinga an riga an yi wa Bello mubaya'a, ruwayoyi kuma sun nuna cewa ya tarar an rufe ƙofar gari. Masu wannan zaɓi suna da dalilansu. Sakkwato garin Bello ne, shi ya gina ta, shi sarakunan gabas suka saba da shi, shi ma malami ne marubuci, ga kuma alamun tawaye a Zamfara da wasu sassa. Duk da haka, abin da Abdullahi ya yi gargaɗi a kansa shi ne ya auku a zahiri: ɗa ya gaji uba.

Yana da mabiya da mayaƙa, kuma rabin daula na hannunsa. Bai ɗaga tuta ba. Ya juya ya koma Gwandu, ya bayyana fahimtarsa game da shugabanci a wani littafi mai suna Sabilus Salama, Bello shi ma ya rubuta nasa mai suna Al'insafu. An shafe 'yan shekaru babu jituwa sosai tsakaninsu.

Tawayen Abdussalami na Kware, wanda Bello ya murƙushe a farkon 1818, shi ya kawo sanadin sulhu. Ragowar mutanensa sun taru a Kalambaina kusa da Gwandu, suka gagari Abdullahi. Tsakanin 1820 da 1821 Bello ya kawo wa baffansa ɗauki, aka ci garin. Ruwayar da ta shahara ta nuna cewa da suka haɗu, Bello ya yunƙura zai sauka daga doki don girmama baffansa, sai Abdullahi ya yi masa ishara da ya zauna, ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Mutumin da ya karantar da cewa ɗa'a ga shugaban da jama'a ta yi wa mubaya'a wajibi ce matuƙar bai yi umarni da saɓo ba, ya aiwatar da karatun a kan kansa, a gaban runduna.

Amfanin wannan mataki ya bayyana daga baya. Gwandu da Sakkwato sun zauna a matsayin gidaje biyu na daula ɗaya har zuwan Turawa a 1903, suna taimakon juna a yaƙi. Da Bello ya rasu a 1837, ƙanensa Abubakar Atiku ya gaje shi ba tare da daula ta tsage ba. Atikun nan shi ne wanda ya rasu a Katuru cikin 1842, a kan hanyarsa ta komowa daga yaƙin Gobir, har ake kiransa Mai Katuru.

8.0 Ƙarshen Rayuwa

A shekarunsa na ƙarshe Abdullahi ya sakar wa ɗansa Muhammadu da ɗan ɗan'uwansa Muhammadu Buhari yawancin harkokin mulki, ya koma ga karantarwa da rubutu, musamman a fannin zuhudu da gyaran zuciya. Ya rasu a Gwandu a 1829, daidai da 1245 bayan Hijira, aka binne shi a can. Ɗansa Muhammadu ya gaje shi, bayansa kuma Halilu. Gwandu ta ci gaba da zama matattarar littattafai, domin a nan ne matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya ci karo da kwafen Tarihus Sudan a 1853. A 1963 Mervyn Hiskett ya fitar da Tazyinul Waraƙati tare da fassarar Ingilishi a Ibadan, abin da ya gabatar da shi ga masu nazari na waje. A yau babban ɗakin karatu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato sunansa yake ɗauke da shi.

9.0 Kammalawa

Rayuwar Malam Abdullahi ta nuna irin tsadar da masanin shari'a kan biya idan ya shiga majalisar mulki da ƙa'idojinsa a hannu. Ya soki abokan tafiyarsa a lokacin da nasara ta fara samuwa, ya saɓa wa yayansa kuma malaminsa a rubuce, ya rasa kujerar da mutane da yawa ke ganin shi ya fi cancanta da ita. A kowane mataki yana da damar ficewa ko tayar da fitina, amma ya zaɓi nasiha da rubutu. Tambayoyin da ya tayar game da kyautar masu mulki, da naɗin alƙalai, da gadon kujera, da haƙƙin ƙasa da makiyaya, har yanzu ana fama da su a ƙasar Hausa. Akwai buƙatar sassan nazarin Hausa da na shari'a a jami'o'i su haɗa hannu wajen fassara littattafansa na mulki da na ƙasa zuwa Hausa mai sauƙi tare da sharhi, domin su kai ga hakimai da dagatai da alƙalai da talakawan da aka rubuta su saboda su.